Ruwan Lagireto Ya Koma Laka: Garejin Da Ya Gano Ciwon Motata Ba Tare Da Sauke Top Ba

Ranar da na buɗe murfin tankin ruwan motata, gabana ya faɗi. Ruwan da na sani garai-garai, mai launin ja-ja, ya koma wani abu mai kauri, ƙasa-ƙasa, ya manne a jikin murfin kamar laka. Na lakato da yatsa na murza, sai santsi, ga warin baƙin mai. Motar tsere ce mai ƙofa biyu, injin fetur silinda shida, giyar hannu. Shekara huɗu tana hannuna, ban taɓa ganin allurar zafinta ta gota tsakiya ba sai a wannan makon, da ta fara ɗagawa duk lokacin da na tsaya a cunkoso.

Bakaniken farko da na kai wa ko minti biyu bai yi a kanta ba. Ya leƙa tankin, ya girgiza kai, ya ce gasket ɗin top, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone, a sauke kan injin kawai. Duk mai irin wannan mota ya san abin da wannan magana take nufi. Injin a matse yake, kafin hannu ya kai ga top sai an kwance rabin abin da ke ƙarƙashin bonet, kuma injin da aka buɗe da wuya ya koma yadda kamfani ya ɗaure shi. Zuciyata ba ta kwanta ba, don haka na sa aka ja motar zuwa wani gareji da ya fi sabawa da irin waɗannan motoci. A kan wannan gareji na biyu nake wannan sharhi.

Abin da ya fara burge ni shi ne ogan wurin bai taɓa sufana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Yaushe rabon da a canza ruwan gaba ɗaya? Wane iri nake ƙarawa in ya ragu? Na taɓa zuba garin nan na toshe yoyo? Salansa tana fitar da farin hayaƙi bayan inji ya ɗumama? Na faɗa masa gaskiya: tun da na sayi motar ba a taɓa juye ruwan ba, kuma sau ɗaya na ƙara wani iri daban saboda na ga launinsu ɗaya. Ya ce, "Alhaji, launi rini ne kawai. Abin da ke cikin ruwan shi ne magana." Ya bayyana mini cewa yawancin ruwan sanyaya inji tushensa ɗaya, wato sinadarin etilin gilaikol da ake haɗawa da ruwa rabi da rabi, amma magungunan hana tsatsa da ke ciki sun bambanta. Tsohon samfuri yana dogara ne da silikat, ana canza shi kusan duk shekara 2. Na zamani yana iya kai shekara 5. In aka gauraya waɗanda ba sa jituwa, suna iya dunƙulewa su toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Ke nan tun daga tambaya an sami wani abin zargi da bakaniken farko bai ko kawo a ransa ba.

Daga nan ya yi abin da har yanzu nake ba mutane labari. Ya zuƙo ruwan da sirinji ya zuba a wata kwalba mai haske, ya ƙara ruwan zafi, ya girgiza, ya ajiye a kan benci ya ce mu ba ta lokaci. Da muka dawo, abin ya rabu gida biyu: baƙin abu mai maiƙo ya taso sama, kaurinsa ya kai faɗin yatsa, ruwa mai duhu-duhu ya kwanta a ƙasa, sai ɗan garin tsatsa a gindin kwalbar. Ya ɗiga na saman a kan farar takarda, tabon ya bazu, takardar ta yi shara-shara. Ya ce in gaurayar ruwa ce kaɗai, gudaji za mu gani suna yawo ko su nutse, ba za su bar maiƙo a takarda ba. Wannan mai ne, saura a gano ta inda yake shigowa.

Hanyoyin da mai ke bi ya shiga ruwa ba su da yawa. A mota mai giyar otomatik, man giya yakan ratsa ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce, in bututun ya fashe ruwan yakan koma launin hoda saboda man giyar ja ne. Tawa ta hannu ce, wannan ya fita. Saura gasket ɗin top, ko tsaga a jikin top ko bulok, wato gangar jikin injin, ko kuma oyil kula, ɗan akwatin nan na alminiyam da baƙin mai da ruwa ke ratsawa gefe da gefe, siraran faranti ne kawai tsakaninsu. Motocin tsere suna dogara da shi sosai, don injinsu yana juyawa da ƙarfi, man yana ɗaukar zafi.

Ya zare gejin mai ya nuna mini. Man ya ragu, amma tsaf yake, babu alamar ruwa a ciki, murfin zuba mai ma a bushe. Wannan, in ji shi, ya dace da oyil kula: in inji yana gudu, ƙarfin turin mai yana kai 3 zuwa 5 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", shi kuwa ruwa murfinsa ba ya riƙe abin da ya wuce bar 1 da ɗoriya. Mai ƙarfi shi ke kutsawa gidan mara ƙarfi. Amma bai tsaya a kan zato ba. Ya kawo wani bututun gilashi mai shuɗin ruwa a ciki, ya ɗora a bakin tankin, ya tada mota, yana zuƙo iskar da ke saman ruwan ta cikin shuɗin. In hayaƙin ƙonewar fetur yana tsallaka gasket yana shiga ruwa, shuɗin zai koma rawaya. Na tsaya ina kallon bututun nan kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ya matsa ya fi sau goma, inji ya yi zafi har fanka ta tashi, shuɗi bai sauya ba. Don in tabbata ruwan gwajin yana aiki, ya kai bututun bakin salansa, nan take ya koma rawaya. Wannan ɗan ƙarin da ya yi ya sa na ba shi amanata. Bayan haka ya kwance fulogogi shida ya auna kwamfireshin kowace silinda, wato ƙarfin matse iskarta, bambancinsu bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, kuma babu fulogin da ya yi fari tas irin wanda tururi ya wanke.

Washegari ya kira ni in zo in gani da idona. Sun cire oyil kula, sun toshe baki ɗaya, sun hura iska ta ɗayan, suka nutsa shi a bokitin ruwan zafi. Daga ɓangaren ruwa sai ga ƙananan kumfa suna tasowa a jere, siriri kamar zare. Ya ce a ruwan sanyi da ƙyar ake ganinsu, sai ƙarfen ya ji zafi ramin yake buɗewa. Ra'ayinsa shi ne ruwan da ya daɗe ba a canza ba ya rasa maganin hana tsatsa, ya yi ta cin farantin a hankali har ya huda. Ban ji daɗin jin haka ba, domin sakaci na ne, amma bayanin ya zauna.

Inda nake da ƙorafi shi ne wajen wanki. Sun sa sabon oyil kula, sun canza baƙin mai da filta, sun wanke hanyoyin ruwa sau uku da sabulun da aka yi don wannan aiki, suka ba ni mota a kwana na huɗu. Bayan mako guda na buɗe tanki da safe, inji a sanyaye, sai ga maiƙo ya sake tasowa. Hankalina ya tashi ƙwarai, na ɗauka aikin ne bai yi ba. Da na koma, ogan ya ce ragowar mai ne da ya maƙale a ɗan lagireton hita da ke bayan dashbod da lungunan bulok, kuma haka yakan yi ta fitowa. To, in an san haka yake, me ya hana a faɗa mini ranar da na karɓi makulli? Jimla ɗaya da ta raba ni da kwanan zullumi. Sannan sai a wannan zuwan ne ya matsa tiyon sama ya nuna mini ya yi laushi ya kumbura, domin robar tiyon ruwa ba ta jure mai. Wannan ma tun farko ya kamata a duba, tunda tiyon da ya fashe a kan gudu yana iya kashe injin da aka sha wahalar ceto. Na faɗa masa haka kai tsaye. Bai yi musu ba, ya ce, "Gaskiyarka ne, Alhaji, mu muka yi gaggawa." Suka canza tiyoyi, da tamostat, da tankin roba da murfinsa, suka wanke hita ita kaɗai ta baya, kuma bai karɓi ladan aikin wannan zagaye ba.

Na lura kuma ba su zubar da tsohon ruwan a ƙasa ba, a durom suka tara. Gilaikol guba ne, ga shi da ɗan zaƙi, dabba ko yaro na iya lasa.

Da suka zo cika sabon ruwa, sun bi abin da littafin motar ya ce, suka haɗa da tataccen ruwa rabi da rabi, suka fitar da iska. Irin wannan haɗi ba ya tafasa sai wajen digiri 107, in murfi yana riƙe iska yadda ya kamata kuma yana haura 120, shi ya sa ogan ya dage sai an sa sabon murfi duk da ƙanƙantarsa.

Wanda ya ga irin wannan laka a tankinsa, zan tura shi wurin nan ba tare da shakka ba, amma ya nemi a duba tiyoyi da hita tun a zuwan farko, ya kuma tambayi sau nawa zai dawo wanki. Wata uku ke nan yanzu. Ina duba tankin duk ƙarshen mako kafin in tada mota, ruwan yana nan garai, gejin mai bai sauka ba, allura kuma tana tsakiya ko a cunkoso. Tsohon oyil kulan ogan ya sa mini shi a leda ya ce in tafi da shi, ya yi wa wajen ramin alama da jan fenti.