Binciken POS: a sashe ɗaya ko da haɗin gwiwa?

Ƙanwata, kin ce za ki yi digiri na biyu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua kan yadda POS ya sauya ciniki a Katsina, amma kin rasa wanne ya fi: ki tsaya a sashenku na kwamfuta, ko ki nemi malaman tattalin arziki da na nazarin zamantakewa su sa hannu.

Tsayawa a sashe ɗaya ya fi sauƙi. Malami ɗaya ke duba aikin, kuma za ki gama da wuri. Za ki iya auna sau nawa kuɗi ke maƙalewa in an tura, da unguwar da sabis ya fi rauni. Aiki ne mai kyau, amma iyakarsa na'ura.

Ki tuna farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya. Masu dabbobi da yawa sun gwammace su karya farashi su karɓi tsaba da a yi musu taransifa. Ki ɗauki mai akuya a kasuwar Charanci. Masanin kwamfuta zai ce matsalar sabis ce. Masanin tattalin arziki zai lissafa abin da mai POS ke cira kafin ya ba shi kuɗinsa a hannu, ya gwada da ribar akuyar. Mai nazarin zamantakewa kuwa zama zai yi da mutumin, har ya ji cewa ba shi da asusu, na ɗansa yake ara, kuma yana tsoron alat na bogi tunda bai iya karanta saƙon ba. Matar da ke soya ƙuli-ƙuli a cikin gida fa, wadda yarinya ke kai wa talla? Ba za ki gan ta a bayanan banki ba sam, kuma wannan ne ya fi damuna.

A maƙwabciyarmu Nijar, wata masaniyar tattalin arziki mai suna Jenny Aker ta yi nazarin kasuwannin hatsi, ta gano cewa zuwan wayar salula tsakanin 2001 da 2006 ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Sai da ta haɗa alƙaluman farashi da tambayar 'yan kasuwar kansu.

Haɗin gwiwa fa akwai wahala. Wannan malamin na son alƙaluma, wancan na son hira, ke ce a tsakiya, ga kuɗin motar zuwa kasuwannin ƙauye.

Duk da haka, tunda ciniki kike tambaya a kai, ni haɗin gwiwar na zaɓar miki. Ki bar rajistarki a sashenku, ki roƙi malaminki ya amince da mai dubawa na biyu tun kafin ki rubuta tsarin binciken. In ba ki shiga gidaje kin ji ta bakin mata ba, kada ki ce kin gama tattara bayanai.