Sharhi kan gidan haya da muka sauka a unguwar Al-Narjis, arewacin Riyad

Duk wanda ya ga hotunan gidan nan a manhajar kama gidajen haya ba zai yi wata-wata ba zai biya, kuma hotunan ba su yi ƙarya ba. Ɗakuna biyu ne da falo, tayil fari tas, labule masu kauri, na'urar sanyaya wuri har a kicin. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne ko akwai ɗan Adam a bayan lambar wayar da suka ba ka. A kan wannan nake son in yi magana, don na lura 'yan'uwa da yawa yanzu suna tsallake otal su kama irin waɗannan gidaje a unguwannin arewacin Riyad, musamman masu zuwa da iyali da masu rakiyar mara lafiya.

Mu da Hajiya mahaifiyata muka je, da maiɗakina, don ganin likitan ƙashi a tsakiyar lokacin zafi. Na zaɓi Al-Narjis ne saboda tana ɓangaren filin jirgin sama na Sarki Khalid, kada Hajiya ta sauka daga jirgi ta sake shan doguwar tafiya da ciwon gwiwa. Ta wannan fuskar unguwar ta biya ni. Kafin ta gama gyara zama a mota mun iso.

Unguwa ce ta masu hali, sabuwa, wadda har yanzu ake kan ginawa. Gidaje masu dogayen katangu launin rairayi, ƙofofi a rufe, jefi-jefi fili wanda ba a gina ba, ga tulin yashi da bulo. Da rana ba ka ganin kowa a ƙafa sai leburori da masu kai saƙon abinci. Masallaci kuwa ba ka yin nisa ba ka tarar da wani ba, kuma kowanne a share, da sanyi, da ruwa a banɗaki. Wannan ya kwantar mini da hankali tun ranar farko.

Ƙorafina na farko shi ne abin da suka rubuta a tallarsu, wai gidan yana kusa da jirgin ƙasa na cikin gari. Jirgin kam akwai shi, an buɗe shi a watan Disamban 2024, layi shida ne da tashoshi 85, ba shi da direba, kuma na hau shi na ji daɗinsa. Amma "kusa" a bakin mutumin Riyad kusan mai mota ne. Tun farkon shekarun 1970 aka shata birnin a kan manyan murabba'ai, kowane gefe kimanin kilomita 2, manyan tituna sun zagaye kowanne, kuma sababbin unguwannin arewa a kan wannan salon suka tafi. Mai tafiya a ƙafa, kafin ya fita daga cikin unguwa ya kai bakin babban titi ya jigata, sannan ya tarar da titin da ba shi da wurin tsallakawa a kusa. A zafin da ke haura digiri 43 babu mai hankalin da zai ja tsohuwa a wannan hanya. Saboda haka duk fitar da za mu yi sai mun kira motar haya ta waya, ko da tashar jirgin za mu. Kuɗin da na ɗauka na rage da barin otal, a mota suka tafi.

Duk wannan da na haƙura da shi. Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ne a daren wata Alhamis, wayewar Juma'a.

Bayan sallar isha'i ta ranar Alhamis maiɗakina ta buɗe famfon kicin, ya yi tari ya tsaya. Na banɗaki ma haka. Na aika saƙo ta WhatsApp zuwa lambar da suka bayar, nan take amsa ta dawo da Larabci da Turanci, wai sun karɓi saƙona, za a tuntuɓe ni nan ba da jimawa ba. Na kira, ba a ɗauka ba. Na sake rubutawa cewa akwai tsohuwa mara lafiya a gidan, sai wannan amsar dai ta sake dawowa, ko harafi ba a canza ba. A nan na gane da na'ura nake magana. Ga shi ranar Juma'a da Asabar su ne hutun mako a Saudiyya, tun 2013 aka mayar da shi haka, wato ofishinsu ya tashi ke nan. Ginin ba shi da mai gadi. Ƙofar ma da lambobi ake buɗe ta, tun da muka zo ba mu ga fuskar ma'aikacinsu ko ɗaya ba.

Wanda bai zauna a garin ba zai ce ai ɗaukewar ruwa ce, a nemi maƙwabci ko rijiya. Riyad tana tsakiyar Najadu, ba kogi mai gudana, ruwan saman da ake samu a shekara bai fi kimanin milimita 100 ba. Kaso mai yawa na ruwan da ake sha daga teku yake zuwa, ana tace gishirinsa a Jubail da Ras al-Khair a gaɓar gabas, a turo shi ta bututu tafiyar fiye da kilomita 400. Idan ya iso gida, tankin ƙarƙashin ƙasa yake shiga, inji ya tura shi zuwa tankin saman rufi, daga nan ya gangaro famfo. Ko'ina aka samu tangarɗa a wannan sarƙar, ka zauna ba ɗigo. Kuma babu mai garuwa da zai wuce ta ƙofarka. Akwai tankar ruwa da suke kira wayit, amma baƙo bai san yadda ake kiranta ba, bai ma san inda bakin tankin gidan yake ba.

Na je baƙala, ƙaramin shagon unguwa, na kwaso katan-katan na ruwan roba. Da shi muka yi alwala, da shi muka yi amfani a banɗaki. Hajiya ba ta ce komai ba sai da ta ga ina tsiyaya mata ruwan sha a buta. Ta ce, "Kai yaron nan, ruwan sayarwa za ka riƙa zubarwa haka? Bari in yi taimama." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki yi alwalarki, akwai shi da yawa." Wallahi maganar nan ta taɓa ni fiye da zafin garin. Na kawo uwata ƙasar mutane don ta samu sauƙi, ga ta tana lissafin ruwan alwala.

Da asuba na tafi masallaci da damuwata. Bayan an sallame, wani dattijo mai farin gemu da muke haɗuwa da shi a sahu ya miƙo mini hannu, ya tambaye ni ko lafiya, don ya ga fuskata ba kamar kullum ba. Da ɗan Larabcin da nake da shi na Islamiyya na yi masa bayani. Bai ce zai duba ba, bai ce in sake kiran kamfanin ba. Sandarsa ya ɗauka ya ce mu je.

Shi ya nuna mini murfin tankin ƙasa a gefen wurin ajiye motoci. Ya haska da fitilar wayarsa, tanki cike yake da ruwa. Ya buɗe wani ɗan akwatin ƙarfe ya shinshina, ya ce dinamo ne ya ƙone, wato injin da ke tura ruwan sama. Ashe duk daren nan a kan ruwa muka kwana. Nan take ya kira mai gyaran famfon da ke yi masa aiki, mutumin ya ce sai bayan sallar Juma'a, don shagunan kayan gyara ba sa buɗewa da safe ranar. Dattijon ya juyo ya ce mini, "Ya ɗana, mahaifiyarka ba za ta wuni a gidan da ba ruwa ba ina maƙwabcinku." Na fara ba da uzuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Kafin rana ta ɗaga, ɗansa ya zo da mota har ƙofa, tafiyar da ba ta fi gida huɗu ba, don kada Hajiya ta taka.

Mata suka shiga ta ƙofarsu, ni aka kai ni majalisar maza. Daga waje katanga ce kawai kake gani, ciki kuwa ga bishiyoyin dabino, ga inuwa, ga ƙamshin turaren wuta. Aka kawo gahawa, ruwanta fatsi-fatsi, ta sha hel, wato kayan ƙamshin da ake kira cardamom, ana zubawa kaɗan-kaɗan a ƙananan kofuna, da dabino. Ɗan nasa yana tsaye da butar a hannun hagu yana miƙa kofi da dama, kana shanyewa yana ƙarawa, sai da dattijon ya nuna mini yadda ake ɗan kaɗa kofin idan an ƙoshi. Na yi wankan Juma'a a gidansa. Shi ne ma ya koya mini dabarar da kowa a garin ya sani: lokacin zafi ruwan tankin rufi kamar an dafa shi yake sauka, don haka sai a kashe hita, wato tankin ɗumama ruwa, ruwan da ke kwance a cikinta ya huce, a riƙa buɗe famfon ruwan zafi idan ana son mai sanyi. Mun sha wahalar wannan tun zuwanmu, kuma layi ɗaya a takardar da suka manna a bayan ƙofa da ya wadatar, amma abin da suka rubuta a kai dokokin cin tara ne kawai.

Bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa leda, aka kawo kabsa, dafa-dukan shinkafarsu, da naman rago a babban faranti, da jarish, abincin Najadu na ɓarzajjen alkama da ake dafawa da nono. Maiɗakina ta ce a can ciki uwargidan da kanta ta riƙa shafa wa Hajiya mai a gwiwa, ba mai jin yaren wata, amma sun wuni suna hira da hannu da salati. Zuwa la'asar mai gyara ya zo da sabon inji ya ɗaura, famfo ya kawo. Na biya kuɗin injin da na aiki, na karɓi rasit. Dattijon ya so ya biya, a nan ne kaɗai na yi masa gardama har ya bari.

A wannan yammacin, da an miƙo mini waya an ce in ba da taurari, da huɗu zan bayar. Zuciyata ta yi sanyi, har na fara ce wa kaina ai inji ba ya shawara kafin ya ƙone, kowa ma zai iya faruwa da shi. Da magariba unguwar ta canza kama. Zafi ya ɗan sassauta, ƙofofi suka fara buɗewa, iyalai suka fito ɗan lambun unguwa da darduma da fulas, yara na keke. Ƙananan bishiyoyin da aka dasa a gefen titi, kowace da siririn tiyonta na ban-ruwa, suna cikin shirin da aka ƙaddamar a 2019 na dasa bishiya miliyan 7.5 a birnin. Ba su kai ga ba da inuwa ba tukuna, amma mutum yana ganin inda aka dosa. Hajiya ta zauna a kan benci har bayan isha'i, ta ce wurin ya yi mata.

Sai ranar Lahadi wani daga kamfanin ya kira. Ban ji "sannu" ba, ban ji "ya jikin Hajiya" ba. Tambayarsa ta farko ita ce wa ya ba ni izinin taɓa injin. Na ce ku duba saƙonnin da na turo tun daren Alhamis. Ya ce dokarsu ita ce baƙo ya jira ma'aikacinsu. Na ce in jira da tsohuwa, ba ruwan banɗaki, daga Alhamis zuwa Lahadi? Ya ce zai kai maganar gaba. Na tura masa hoton rasit, da hoton tsohon injin da ya yi baƙi ƙirin, na ajiye musu shi a gefen tanki don su gani da idonsu.

Kuɗin injin ba su mayar mini ba. Wannan ma da sauƙi. Bayan mun tashi sai na ga sun zabtare wani abu daga kuɗin ajiyar da suka riƙe tun farko, da sunan wai an yi gyara ba da saninsu ba. Na sa wa gininsu sabon inji da kuɗina, sauran masu haya suna cin moriyarsa, sannan a ci ni tara a kai! Tun daga nan duk abin da na yafe ya dawo mini sabo. Na tuna ƙarar injin fasa dutse daga ginin da ke bayanmu, wanda ke farawa da sassafe, daidai lokacin da Hajiya ke samun barci bayan ciwo ya hana ta da dare. Ba su ambace shi a talla ba, alhali ramin ginin yana manne da katangarsu. Na tuna kuɗin shara da suka caja, amma ba wanda ya zo ya canza ko zanin gado. Na tuna tukunya ɗaya tak da muka tarar a kicin ɗin da suka ce yana da komai.

Tauraro biyu na ba su, kuma ɗaya daga ciki na maƙwabcinsu ne, ba nasu ba. Ita unguwar ba ni da abin cewa a kanta sai alheri, in dai mutum yana da mota ko ya ware kuɗinta. Akwai tsaro, akwai tsabta, ba hayaniya da dare, mace za ta fita lambu da yara hankali kwance. Idan Allah ya sa za mu koma ganin likita, zan sake neman gida a wannan yankin, amma wanda ke da mai gadi a ƙasa, mutum mai fuska da za a iya ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare. Kafin in biya kuma sai na kira lambar da suka bayar ranar Juma'a da safe, in ji ko za a ɗauka, sannan su rubuta mini a saƙo wanda ke da alhakin gyara idan ruwa ko wuta ko na'urar sanyi ta tsaya. Maganar kuɗin ajiya kuwa na shigar da ƙorafi ta manhajar tare da rasit da hotuna da duk saƙonnin da aka ƙi amsawa, kuma ba zan janye ba sai sun dawo da shi.