Mai Haƙorin Makka, Wane Ciko Za Ka Zaɓa?

Idan haƙori ya yi kogo, likita zai ba ka zaɓi: cikon ƙarfe mai launin azurfa ko fari mai kama da haƙori. Yawancinmu kuɗin kawai muke tambaya, alhali ya kamata a fara duba wane ƙarfe ne riga a bakin.

Naman cikin baki da dasashi kullum a jiƙe suke, kuma yawu na ɗauke da gishiri-gishiri, shi ya sa lantarki ke ratsa su cikin sauƙi fiye da busasshiyar fata. Da zarar ƙarafa iri biyu sun haɗu a cikin yawu, sun zama ƙaramin batir ke nan. Wanda ke da cikon ƙarfe ya taɓa tauna takardar gwangwani ta alewa ya san wannan tsirawar da ke kaiwa har jijiya, da ɗanɗanon tsatsa a harshe.

Cikon ƙarfe, wato amalgam, kusan rabinsa zaiba ce, sauran azurfa da kuza da jan ƙarfe. Yana da araha, yana jure tauna, yana kuma daɗewa a turamen haƙora. Amma in Alhaji ko Hajiya na da haƙorin zinariya da zai riƙa gogar cikon, tsirawar na iya biyo baya. Galibi takan lafa bayan ɗan lokaci, sai dai in akwai hali, me ya kai ka? Ga batun zaibar kuma, wadda ke da guba: yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Minamata ta 2013 na neman a rage amfani da ita, musamman ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa, Tarayyar Turai kuwa ta hana cikon tun farkon 2025.

Farin ciko, kwamfozit, ba ya ɗaukar lantarki ko kaɗan. Ya fi tsada, kuma aikinsa sai gwani: dole haƙorin ya bushe sarai, a daskarar da cikon da shuɗiyar fitila, in ba haka ba gefensa ya buɗe. Akwai kuma wani cikon, gilas ayonoma, mai sakin fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, ya dace da haƙoran yara, amma bai da ƙarfin ɗaukar taunar kilishi.

A ganina, mai zinariya a baki ya ɗauki fari. Wanda tsohon cikon ƙarfensa ke zaune lafiya kuwa kada ya ce a cire, domin wajen haƙe shi ne tururin zaiba ya fi fita.