Safar hannu mara yatsu da na saya a bosho, ga yadda ta yi mini cikin dusar ƙanƙara

Salamu alaikum jama'a. Tun da na dawo gida Maradi daga karatu a Faransa yara biyu ƴan unguwarmu da suka samu tahiya karatu, ɗaya Faransa ɗaya Kanada, sun zo suna tambayata kayan sanyin da za su riƙa, kuma kowa zancen babbar riga yake da takalmi, ba wanda ya tuna da hannu, alhali wallahi hannu shi sanyi ke fara kamawa, shi ya sa na ce bari in rubuta kan safar nan da ta hisshe ni.

Nan babbar kasuwa na saye ta wajen ƴan bosho, jika uku da rabi, sati guda kahin in tashi. Irin wadda yatsu huɗu ke zama cikin aljihu ɗaya ce, babban yatsa kaɗai ke da nashi gurbi, Faransawa na ce mata mufule. Ni mai yatsu biyar na ɗauka da farko, sai dattijon da ke saidawa ya jawo wagga daga ƙasan tulin kaya ya ce "ɗana in ƙasar ƙanƙara za ka to ga taka nan". Na ce Baba ai wagga kamar hannun ɗan dambe da aka ɗaure, ya za a yi in riƙe abu da ita? Ya ce kai dai haɗa duka biyun. Allah Ya saka mishi da alheri.

A Girenobul na yi karatun, garin da tsaunukan Alp suka kewaye, can aka yi gasar Olamfik ta hunturu a 1968, kuma a tsaunin Shamrus da ke kusa da garin aka yi tseren siki, wato zamiya kan dusar ƙanƙara daga bisa tsauni, inda ɗan Faransa Jean-Claude Killy ya ci zinare uku. To Shamrus ɗin nan ƴan ajinmu suka kai ni cikin watan Fabrairu, a mota kamar awa guda ne daga gari, ƙololuwar wajen ta kai mita 2250. Mu nan sanyinmu na Disamba da Janairu da ƙyar yake sauka ƙasa da digiri 10 amma ka ga kowa ya takure bakin wuta da asuba, to can ranar 11 ƙasa da sifili allo ya nuna, ga iska. Mai yatsu biyar ɗin na sa don ita na hi yarda da ita. Muna kan kujerar nan da ke rataye a igiya tana hawa da mutane, ba ka motsi sai dai iska na dukanka, kahin mu kai sama yatsuna sun daina ciwo ma, sun yi kamar itace, zik ɗin jakata na kasa buɗewa sai da wani abokina ya buɗe mini ya zaro mufule ɗin ya sa mini da kanshi. Bayan kamar minti goma sha biyar sai wani irin zogi ya taso kamar ana soka mini allura, jini ne ke dawowa, daga nan har la'asar hannuna ɗumi.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. In sanyi ya yi tsanani jiki na matse hanyoyin jinin da ke zuwa yatsu da kunne don ya ajiye ɗumi ga ƙirji da ciki, to yatsa in yana zaune shi kaɗai cikin nashi gurbi sanyi na kewaye shi ta ko'ina, amma in suna tare su huɗu suna ɗumama juna kamar yadda yara ke haɗuwa cikin bargo ɗaya, kuma akwai iska mai ɗumi da ke tsare a ciki. Shi ya sa kar ka sayi wadda ta matse ka, ka bar ɗan hili a bakin yatsu, in ta matse ta danne audugar ciki kuma ta hana jini gudu.

Ita tawa hawa uku ce. Waje wani yadi mai ƙarfi da ruwa ke zamewa a kai, tsakiya wata ƴar leda siririya da ke hana ruwa shiga amma tana barin tururin zufa ya hita, irin aikin da yadin nan da ake ce ma Gore-Tex ya yi suna da shi, sai ciki auduga ta roba mai laushi. Ta roba ta hi gashin agwagwa da ake cusawa cikin wasu a wanga aiki in dai kai ɗan koyo ne, don gashin in ya jiƙe ya gama amfani, kuma ɗan koyo kan allon zamiya rabin yininshi hannunshi na cikin dusar ƙanƙara yana dafa ƙasa yana tashi. Wuyanta dogo ne yana hawa kan hannun riga, da igiya da ake ja ta tsuke, ko ƙwaya ba ta shiga. Akwai kuma wani ɗan maɗauri da kake sawa a wuyan hannu don in ka cire ta bisa kujerar sama kar ta faɗi, na ga safa ɗai-ɗai zube a ƙasan igiyar sun hi goma.

Abin da ya hi taɓa ni tafin hannun, fatar akuya ce. Rannan na zauna ina shafa ta na tuna jar akuyar Maradi da duniya ta san ta saboda laushin fatarta da ƙarhinta, mu muna saida fata ɗanya da arha ga su suna ɗinka kaya suna saidawa da tsada, sabuwa irin wagga na gan ta a shago kusan yuro 60, in ka lissafa yuro guda sefa 656 ka ga ta kusa jika arba'in. Gaskiya raina ya sosu.

Aibinta kuwa akwai. Ba ka latsa waya da ita, ba ka ɗaura zik, ko kuɗi ba ka iya zarowa daga aljihu, dole ka cire, shi ya sa daga baya na sayi wata ƴar siririya ta ulu ina sawa ciki don hannu kar ya hita tsirara. Riƙon sandar siki ma sai ka saba. Sannan in rana ta buɗe cikin Maris zufa take sa ka, kuma ba ta bushewa da wuri, kar ka ɗora ta kan na'urar ɗumama ɗaki fatar za ta ƙandare ta tsage, ka rataye ta baki ƙasa ta kwana. Da na dawo na gwada ta kan moto da asuba hanyar Tibiri, ban sake ba, don kama birki da kuloci na so yatsu a ware, ƴan kabu-kabu ku tsaya ga mai yatsu biyar.

Ɗinkin babban yatsa na dama ya ɗan saki bayan hunturu biyu, na kai wa baduku ya kama shi ya shafa mata mai, yanzu tana cikin jakar yaron da za shi Kanada, na ce mishi ya gwada ta da ƴar siririyar a ciki tun nan gida, in ta matse ya koma wajen dattijon ya nemi wadda ta hi ta girma.