Gura ko taru: hanyoyi biyu na masuntan Mombasa

A gaɓar tekun Mombasa, a Kenya, masunci na iya neman abincinsa da gura ko da taru.

Gurar, wadda Waswahili ke kira malema, kwando ce da ake saƙawa da tsaga-tsagan itace. Akan zuba ciyawar teku a ciki, a nutsar da ita kusa da duwatsun murjani, washegari a dawo cikin ƙaramin kwalekwale a ɗaga. Kifin da Waswahili ke kira tafi ne ya fi shiga. Kamun ba yawa, amma mutum ɗaya ko biyu sun isa, kuma idan an bar 'yar kafa a jiki, ƙananan kifi sukan sulale su ci gaba da girma.

Taru kuwa, irin wanda ake ja daga gaɓa, wanda Waswahili ke kira juya, sai da taron majiya ƙarfi. Yana sharo komai har 'ya'yan kifi, yana karya murjani, shi ya sa Kenya ta haramta shi a 2001. Duk da haka ana ja, domin saurayin da ba shi da jirgi ko jari nan yake samun na cefane.

Ni dai gura na zaɓa, ko da yake ina tausaya wa wannan saurayin ƙwarai.