Leminatin ko sikanin, wanne ya fi dacewa da hotunan aikin sojan Baba?

Hajiya, kin ce mahaifinku ya yi ritaya yana Birgediya Janar, Allah ya ƙara masa lafiya, kuma hotunansa na nan cike da jaka tun daga na faretin yaye su har na ranar sallama, kina tambaya leminatin za a yi musu ko sikanin, wato a ɗauki kwafinsu da na'ura zuwa kwamfuta. To ni dai sikanin zan ce, amma bari in jera miki su.

Leminatin abin da yake burge mutane shi ne hoto ya yi ƙarfi, ruwa bai taɓa shi, yara su ɗauka su ajiye ba komai. Sai dai da zafi da gam ake manne ledar nan a jikin hoton, kuma in ta manne shi ke nan, ba mai ɓare ta ba tare da ya ɗaye fuskar hoton ba, in shekaru suka ja sai ki ga gefen ya buɗe, danshi ya shiga ya yi tabo ta ciki inda hannu ba ya kaiwa. Shi ya sa masu adana kayan tarihi ba sa yin sa sam. Kuma ba ya hana koɗewa. Hotuna masu kala na shekarun 1970 da 1980 da kike gani sun koma jaja-jaja, rinin jikinsu ne ke mutuwa, haske da zafi na ƙara masa gudu, ko da leda ko babu. Masu baƙi da fari sun fi su juriya nesa ba kusa ba.

Sikanin kuma bai taɓa asalin hoton da komai. A sa na'urar a 600 dpi (ma'aunin kaifin hoto ne), a ajiye a TIFF, nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto, in da hali, JPEG mai ƙaramin nauyi kuma don rabawa dangi. Amfaninsa a hoton soja ma daban ne, don in kika zuƙo shi a kwamfuta za ki ƙirga aninin kafaɗa, ki ga lambobin ƙirji, daga nan ki gane muƙaminsa a lokacin, shuɗiyar hula mai launin sararin sama kuma ta nuna aikin kiyaye zaman lafiya ne na Majalisar Ɗinkin Duniya. Hoton 'yan kwas mai mutum hamsin a jere, sunayen da aka buga ƙanana a ƙasa duk za su karantu. A yi har bayan hoton, nan ake samun kwanan wata da hatimi. Matsalarsa ɗaya, filashar da ake ajiye hotunan a ciki na mutuwa ba sallama, sai a yi kwafi 3, ɗaya a intanet kamar Google Drive. Kar a tura ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi, a tura a matsayin fayil.

Na asalin a cire su daga albam mai gam ɗin nan in suna ɓaruwa cikin sauƙi, a sa takarda marar asid tsakaninsu, a kwali, a ɗaki mai sanyi marar danshi. Na bango a wanko kwafi a rataya.

Kuma don Allah ki zauna da Baba tun yanzu ya faɗa miki waye wannan, ina ne nan, wace shekara, ki rubuta a baya da fensir mai laushi, banda biro, tawadarsa na ratsa takarda.