sched_getcpu ko ps: wanne zai nuna maka CPU ɗin da zare yake kai?

Ɗan'uwa, ka ce shirinka na C yana buɗe zaren aiki takwas (threads, wato sassan shiri masu gudu tare) a Linux, kana son sanin CPU ɗin da kowanne yake gudu a kai, amma ka rasa wanda za ka kama tsakanin sched_getcpu, da ake kira daga cikin shiri, da ps, umarnin da ke jero shirye-shiryen da ke gudu. Duka biyun suna ba da amsa, sai dai ɗaya daga cikin ɗaki yake magana, ɗayan kuma leƙe yake ta taga.

Da sched_getcpu(), zaren da kansa ne yake tambaya, a miƙo masa lamba da ke farawa daga 0. Ka sa #define _GNU_SOURCE kafin sched.h, in ba haka ba gcc, mai haɗa shirin C, zai ce bai san shi ba. Yana cikin glibc, laburaren C na Linux, tun 2.6, a ƙarƙashinsa kuma akwai getcpu da ya shigo kanel (zuciyar Linux) a 2.6.19, wanda har lambar yankin NUMA, wato rukunin CPU da memori mafi kusa da su, yake bayarwa. Ba shi da nauyi: a x86-64 ta vDSO (ɗan lambar kanel da ake sa wa a cikin shiri) yake bi, ba sai ya shiga kanel ba, daga glibc 2.35 na 2022 kuwa lambar da kanel ya ajiye masa ta rseq (wuri a memorin zaren da kanel ke sabuntawa) yake karantawa. Iyakarsa ita ce zare ba ya tambayar ta wani, tasa kawai.

Shi ps ba ruwansa da taɓa shirinka. Ka buga ps -L -o tid,psr,stat -p PID (PID lambar shirinka ce, TID ta zare), duk zaren takwas su jeru tare da babban zaren shirin, lambar CPU tana ƙarƙashin PSR. Daga /proc/PID/task/TID/stat yake ɗebowa, gurbi na 39. A nan mutane da yawa suke ruɗewa, domin gurbin nan CPU na ƙarshe da zaren ya hau yake faɗa. Zaren da ya daɗe yana barci yana jiran makulli (lock, abin da ke hana zare biyu taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya) zai nuna maka, misali, 3, ka ɗauka yana can yana aiki. Shi ya sa na haɗa da stat: R mai gudu ne ko mai jiran a ba shi wuri, S mai barci.

Abin da ya haɗa su ya fi muhimmanci a wurina. Kafin ka gama karanta lambar, kanel na iya ɗauke zaren ya mayar da shi wani CPU. Don rubutun bibiya, ko raba ƙididdiga gurbi-gurbi domin rage cunkoso, hakan ba laifi. Amma don Allah kar ka cire makulli bisa cewa kai kaɗai ne a CPU 2. In kana son lambar ta tsaya, ɗaure zaren da pthread_setaffinity_np, ko shirin gaba ɗaya da taskset -c 2.

Lambar ma ta CPU ɗin da kanel yake ƙirgawa ce; in Hyper-Threading, fasahar da ke sa ƙwaya ɗaya (core) ta bayyana kamar CPU biyu, na kunne, lambobi biyu na iya zama a kan ƙwaya ɗaya. lscpu -e zai nuna maka.

A Windows, takwaran sched_getcpu shi ne GetCurrentProcessorNumber. Injin da ya haura CPU 64 ana kasa shi rukuni-rukuni, sai ka koma GetCurrentProcessorNumberEx da ya zo da Windows 7.

Tunda so kake ka ga ko zaren naka sun taru a wuri ɗaya, fara da ps tare da watch -n 1, mai maimaita shi kowace daƙiƙa. In ka ga PSR na yawan canzawa, sannan ka shigar da sched_getcpu cikin shirin ka rubuta lokacin kowane sauyi.